Haɗa inji bayan gyara da maida shi cikin mota

 

Yau za mu yi magana bisa aiki guda. An sauke injin mota, an warware shi, an kai ƙarahunan da sunka ci wajen masu gogewa, an sayo sabbin kaya. Yanzu saura a haɗa shi, a maida shi cikin mota. Mutane da yawa su na ganin nan aiki ya ƙare. A'a. Nan ne kuɗin mai mota ke tsira, nan ne kuma su ke ɓata.

Lokacin da ni ke yaro, kawuna ya na da Peugeot 404 mai tanti, ya na jigila tsakanin Maraɗi da kasuwannin ƙauye. Injin ya gaji, ya na shan mai, ya na hayaƙi. Kawu ya saida sa guda da tumaki biyu, ya sayi kayan gyara. An haɗa injin cikin gaggawa, ƙasa bisa rairayi, don gobe kasuwa. Motar ba ta kai Tasawa ba, injin ya yi ƙara, ya tsaya. Mata da yara sunka yini cikin rana bakin hanya. Da anka sake buɗe shi, sai anka tarar da rairayi da garin ƙarhe cikin hanyoyin mai. Kayan masu kyau ne. Haɗin ne ya kashe su.

Don haka ku riƙe abu ukku: tsabta, da tsari, da awo.

Za mu ɗauki injin 404 mu yi misali da shi. Kamhwanin Peugeot na Faransa ya hito da ita a 1960, kuma an hwara haɗa ta a Kaduna a 1975. Yau ta yi ƙaranci bisa hanyoyinmu, Toyota ta hi yawa. Amma manyan makanikai da dama bisa kanta sunka koyi aiki, kuma injinta ba shi da wuyar ganewa: piston huɗu, da buji huɗu, da supap takwas. Wanda ya gane wanga ya gane tushen sauran.

Na hwarko, tsabta.

Inji na rayuwa da mai. Man na bi ta ƴan ƙananan ramu cikin gangar inji da cikin bilbirikan, wato babban ƙarhen nan mai lanƙwasa wanda piston ke juyawa. In an dawo da su daga wajen gogewa, ramun na cike da garin ƙarhe wanda ido ba ya gani. Ku wanke su da gazuwal da ɗan buroshi, ku hura iska ciki, ku sake wankewa har tsumma mai tsabta ya hito ba baƙi.

Kada ku haɗa inji bisa rairayi. Ku samu tebur ko katako, ku shimhiɗa kwali. In iska na tashi da ƙura, kamar lokacin hunturu, ku shiga ciki ko ku dakata. In za ku tahi cin abinci, ku ruhe aikin da leda ko zane. Ƙwayar rairayi guda ta isa ta karce sabon ƙarhe.

Na biyu, bilbirikan da kusine.

Kusine su ne ƴan siraran ƙarahuna masu siffar rabin zobe waɗanda bilbirikan ke kwance bisansu. In an goge bilbirikan, ya rage kauri. Mai gogewa ya na hwaɗin abin da ya rage, misali 0,25 ko 0,50 na milimita. Dole kusine su kasance masu wagga lamba. Ku duba bayan kusine, an rubuta ta. In lambobin ba su yi daidai ba, ko dai injin ya ƙi juyawa, ko kuma mai ya zurare, ƙarhe ya ci ƙarhe.

Bayan kusine a bushe a ke sa shi. Huskarshi ita a ke shahwa ma mai. Ramin da ke jikin kusine ya dace da ramin mai na gangar inji, in ba haka ba kun toshe ma mai hanya da hannunku.

Injin 404 na hwarko na da mazauni ukku na bilbirikan, daga 1964 anka maida su biyar. Kowane mazauni da marhinshi. Marhin na biyu ba ya zama wurin na huɗu, ko da ido ya ce iri guda ne. Shi ya sa tun ranar warwarewa a ke buga ma kowane lamba. Duk marhin da kunka ɗaure, ku juya bilbirikan da hannu. In ya cije, ku tsaya nan, ku nemi dalili. Kada ku ce zai saki in ya yi zahi.

Na ukku, shimis da piston.

A 404, piston na hawa da sauka cikin wani bututun ƙarhe wanda a ke iya cirewa, shi a ke ce ma shimis. Ruwan sanyaya inji na kewaye shi. A gindinshi akwai abin toshi wanda ke hana ruwa sauka cikin mai, kuma sabo a ke sawa. Kan shimis ya na ɗan ɗara huskar gangar inji, kamar kaurin gashin kai. Wanga ɗan tudu shi ke sa murhin inji ya danne shi da kyau. Ana auna shi, ba a tsammani.

Kowane piston da shimis ɗinshi anka saido su, kada ku garwaya. Bisa kan piston akwai alamar kibiya da ke nuna inda zai huskanta. Zobban piston, waɗanda mu ke ce ma segima, ukku ne ga kowane. Wanda anka rubuta ma alama, alamar sama ta ke dubi. Kowane zobe na da baki, wato inda ya rabu. Kada bakunan ukku su jeru layi guda. Ku rarraba su kewaye da piston, don ƙarhin wuta kada ya samu hanyar zurarewa. Ku shahwa mai, ku matse zobban da abin matsewa, ku tura piston a hankali da ƙotar guduma ta icce. In ya tsaya, zobe ne ya hito. In kun buga da ƙarhi, ya karye ciki ba ku sani ba.

Biyal, wato hannun da ke haɗa piston da bilbirikan, shi ma da marhinshi na kanshi. Kuma ga abin da yaran gareji ke yawan mancewa: muddin ba a sa murhin inji ba, kada ku juya bilbirikan sai kun danne shimis da ƙusa da ɗan ƙarhe. In shimis ya ɗaga, abin toshin gindinshi ya ɓaci, ruwa zai shiga cikin mai.

Na huɗu, sarƙa da alamunta.

Akwai wani dogon ƙarhe mai ƙulle-ƙulle wanda ke buɗe supap. Sarƙa ke haɗa shi da bilbirikan. In bilbirikan ya yi juyi biyu, shi ya yi guda. Maƙera motar sun buga alamu bisa haƙora don a san inda za su haɗu. Haƙori guda in ya goce, mota ta rasa ƙarhi, ta yi zahi, ta sha isansi. In kun sa sarƙa, ku juya injin da hannu sau biyu cikakku, ku tabbata babu inda ya cije. Sa'an nan ku sa pompon mai, ku ruhe ƙasan inji.

Na biyar, kilas, wato murhin inji.

Ku aza madaidaicin ƙarhe bisa huskarshi ku ga ko ya lanƙwashe, don zahi na karkata shi. Juwan da ke shiga tsakaninshi da gangar inji sabo a ke sawa kullum. Tsohon ya riga ya danne, ba ya sake riƙewa. Ku tsane ramun ƙusoshi. In mai ko ruwa ya kwanta ciki, ƙusa na iya tsaga ganga.

Ɗaurin na da tsari. Daga tsakiya a ke hwarawa, a kewaya zuwa gehe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko ukku. Kuma da kile mai awo a ke yi. Kowace ƙusa na da nata awon, ya na cikin littahin motar. Na sha ganin ana ƙara ma kile bututu, ƙato ya hau ya na ja. Wanga ba ƙwarewa ba ce. Ƙusar da ta sha ɗauri hiye da kima ta miƙe, wadda ba ta sha ba ta saki, duka biyun kuma juwan ne ke ƙonewa. In garejinku ba shi da kile mai awo, ku aro.

Sai tazarar supap. A 404, injin na sanyi, supap mai shigar da iska 0,10 na milimita, mai hidda hayaƙi 0,25. Da ƴan siraran ƙarahunan awo a ke gwadawa.

Na shidda, maida inji cikin mota.

Kahin a ɗaga shi, a ɗaura babban hwaihwan ƙarhe na baya, da ambirayaji. Hwaihwan ambirayaji ya zauna daidai tsakiya. Makanikai na amhwani da tsohon ƙarhen bwat su daidaita shi. Kada maiƙo ya taɓa huskarshi.

Inji na da nauyi, ya hi ƙarhin mutum biyu. Ku sa ma ƙahwahun mota duwatsu, ku cire wayar batir. Ku ɗaga da palan, sarƙa mai kyau, bisa ƙarhen da zai iya ɗauka. Kada ku rataya inji da tsohuwar igiya bisa reshen bedi. Kowa ya kau da kai da ƙahwa daga ƙarƙashi. Mutum guda ke ba da umurni, sauran su saurara. Mai gida, yaron da anka ba ka koyo amana ne, kada ka sa shi tura yatsa tsakanin inji da bwat.

Ku sauke a hankali har ƙarhen bwat ya shiga cikin ambirayaji. In ya ƙi, ku ɗan juya injin, ku gyara tsayinshi, ku sake gwadawa. Kada ku jawo su da ƙusoshi don su haɗe dole, nan ne a ke hwasa bakin bwat. Da hannu za su haɗu, sa'an nan a ɗaure.

Ku duba robobin da inji ke zama bisansu, wadda ta tsage a canza. Ku maida babbar wayar da ke haɗa inji da jikin mota. Ku wanke radiyater, ku canza tiyon da ya bushe. Sabon inji da toshasshen radiyater ba su daɗewa tare, balle cikin zahin bazara da ke wuce awo 40. Wayoyin buji na bin tsarin wuta: 1, 3, 4, 2. Ku lura, a Peugeot daga baya a ke hwara ƙirga, wajen bwat.

Na bakwai, tashin hwarko.

Ku zuba man inji, 404 na shan litir 4, da sabon matacin mai. Ku cika ruwa. Kada ku tada tukuna. Ku cire buji, ku cire wayar wuta, ku juya injin da demarer har jar hitilar mai ta mutu. Ta haka mai ya isa ko'ina kahin wuta ta kama. Sa'an nan ku maida buji, ku tada.

Mutum guda ya sa ido bisa hitilar mai da allurar zahi, wani ya duba ƙasa ko akwai ɗigo. In hitilar ta ƙi mutuwa, ko kun ji bugun ƙarhe, ku kashe nan take. Ku yi wanga aiki a hili, don hayaƙin mota cikin ruhwahhen ɗaki na kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Kada ku buɗe radiyater injin na da zahi.

Na ƙarshe, rodaji, kuma wanga na direba ne da mai mota.

Kilomita 1000 na hwarko, a bi injin a hankali. Kada a cika lodi, kada a taka shi har ƙarshe, kada a bar shi ya na nishi cikin rairayi da babbar giya. Kowace sahiya a duba mai da ruwa. In kilomita 1000 sun cika, a koma gareji: a yi bidanji, a canza matacin mai, a sake ɗaurin kilas, a sake tazarar supap. Injuna na zamani da yawa ba a sake masu ɗauri, kuma ƙusoshin kilas ɗinsu sabbi a ke sawa, don haka ku bi littahin motarku. Matacin iska kuma a riƙa kakkaɓe shi, don ƙurar ƙasarmu ita ce babbar abokiyar gabar zobba.

Mai mota, na san kowace rana da motarka ke tsaye asara ce. Amma kada ka tsaya bisa kan makanike ka na cewa yau-yau. Ka ba shi kwana biyu ya wanke, ya auna. Ka tambaye shi lambar kusine, ka tambaye shi ina kile mai awo. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Kawuna ya yi gudun rasa kasuwa guda, sai ya rasa sa da tumaki, motar kuma ta yi wata biyu ba ta motsa ba.

Ku da ke saurare cikin taro, ga tambayoyi ukku ku tattauna. Don mi a ke buga ma kayan inji lamba tun ranar warwarewa? Don mi a ke juya inji ba buji kahin a tada shi? Mi ya kamata a yi in kilomita 1000 sun cika? Wanda ke riƙe da alƙalami ya rubuta amsoshin, ya karanta ma sauran.

Nan za mu tsaya yau.