Daga Gurbin Dara Zuwa Hannun Gem: Wasan Jiya da Zaɓin Yau

Jawabin da wani tsohon shugaban makarantar firamare ya gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Magama mazauna birane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.



Na san wasu za su yi mamakin jin tsohon malami ya miƙe gaban dattawa zai yi magana a kan wasa. Dalilina shi ne, yaran da muka riƙa korowa daga shagunan gem mu mayar da su aji, yau su ne magidanta a Kano, Kaduna, Abuja da Legas. Furfura ta fara keto musu, marmarin wasannin ƙuruciya ya taso, kuma da yawansu na tambayar wace na'ura za su saya wa kansu da 'ya'yansu. Tambaya ce da ta shafi aljihu, ta shafi tarbiyya, ta kuma shafi dangantakar jikokinmu da garin nan.

Wasannin dandali

Mu da muka tashi kafin zuwan lantarki, dandali ne filin wasanmu. Samari na langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa da carafke, ƙanana kuma na ƙera mota da karan dawa. Dattawa na ƙarƙashin inuwa suna dara: gurabu 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Wasa ne na lissafi da haƙuri, ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Kasancewarmu a bakin iyaka ya ƙara mana wani gishirin. Abin da ake yi a Ɗan Isa da Madarunfa shi ake yi a Magama da Jibiya, domin dangi ɗaya ne. Tun 1975 da Nijar ta fara gasar kokawa ta neman takobi, sunan Kantu na Maraɗi ya cika bakin yaranmu, kowa ya kayar da ɗan uwansa sai ya ce shi ne Kantu.

Zuwan gem

A lokacin da muke wannan, wani sabon abu na tasowa a wata duniyar. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, wata na'ura mai tsawon mutum wadda ake jefa mata kuɗin ƙarfe kafin ta ba da wasa. Japan ta biyo baya da Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980. Daga nan kamfanin Nintendo ya rage girman abin ya shigar da shi ɗaki a 1983, sannan ya fitar da Super Mario a 1985. Sega ta zo da tata na'urar, aka shiga zamanin Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992, kafin Sony ta kawo PlayStation a 1994.

Waɗancan manyan na'urori masu cin kuɗin ƙarfe ba su yawaita a yankinmu ba. Abin da muka sani shi ne shago mai talabijin ɗaya ko biyu, da benci, da ɗan janareta yana kuka a waje. Yaro ya biya kuɗin zagaye ɗaya, ya karɓi hannu, in an cinye shi ya tashi ya ba na baya. Masu kallo sun fi masu bugawa yawa, kuma shewarsu ita ce rabin daɗin wasan. Bayan da Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a Atlanta a 1996, gem ɗin ƙwallo ya mamaye shagunan, kowane yaro na son ya riƙe Kanu ko Okocha. Da wayar hannu ta shigo a 2001, har dattawa aka gani suna wasan macijin nan na Nokia a ɓoye.

Me ake kewa?

'Yan uwa, idan mutum ya ce yana kewar Mario, a ganina ba hoton da ke cikin talabijin yake nufi ba, domin hotunan yau sun fi kyau nesa ba kusa ba. Abubuwa uku yake kewa, kuma su ne suka haɗa shagon gem da dandali.

Na farko, abokin karawa yana zaune kusa da kai. Ka san shi, ka san gidansu. In ya cinye ka za ka koyi haɗiye fushi, in ka cinye shi za ka koyi rage baki, domin gobe ma rana ce.

Na biyu, wasan yana da iyaka. Kuɗi su ƙare, ko man janareta ya ƙare, ko a kira salla, dole a tashi.

Na uku, akwai idon manya. Duk wanda ya wuce ya ga ɗan maƙwabcinsa lokacin makaranta yana da ikon kama kunnensa, domin a wancan zamani ɗa na kowa ne.

Na'urar yau ta zo ba tare da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Yaro na iya kulle ƙofa ya kwana yana wasa da wanda bai taɓa gani ba a wata nahiya. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019, ta amince da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, wato idan ta kai mutum ga barin karatu, aiki da iyali. Saboda haka zaɓi nagari shi ne wanda zai maido wa gida waɗannan abubuwa uku.

Shawara ga mai niyyar saye

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar: Sony mai PlayStation 5 da Microsoft mai Xbox Series, waɗanda suka fito a 2020, sai Nintendo mai Switch ta 2017 da ƙanwarta Switch 2 ta 2025. Wanda ƙwallo ce a ransa, kamar yawancin yaranmu, zai same ta a kowacce, sai dai ya sani sunaye sun sauya: wadda aka sani da FIFA ta koma EA Sports FC tun 2023, PES kuma ta koma eFootball tun 2021. Wanda Mario yake nema, sai gidan Nintendo, domin ba su ba sauran biyun aron sa ba. A ra'ayina, magidancin da ya haura hamsin, mai son ya zauna da ƙananan yara su yi dariya tare, Switch ta fi dacewa da shi. Wasanninta masu sauƙi ne, tana da batir, kuma ba ta cin wuta kamar sauran.

A duba lantarki. PlayStation 5 na jan wuta kusan wat 200 lokacin wasa, kuma wutar da ke hawa tana sauka na iya ƙona ta, don haka a haɗa ta da na'urar daidaita wuta.

A duba intanet. Wasu na'urorin ba su da wurin sa faifai, komai sai an sauko da shi, alhali wasa ɗaya na iya haura gigabait 50. Mu mutanen Jibiya ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon watanni saboda matsalar tsaro. Mai niyyar zuwa da na'urarsa gida hutu, ya nemi mai karɓar faifai ko kaset.

A duba lambar shekaru. A jikin kwalin faifan da ya fito daga Turai akwai lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Wadda aka rubuta wa 18 tana ɗauke da zubar da jini ko abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu. Haka kuma akwai wasannin da ke jan yaro ya biya kuɗi don buɗe akwatin da bai san abin da ke ciki ba, wanda ƙanin caca ne. Kada uba ya bar katin bankinsa a haɗe da na'ura.

Daga ƙarshe, a sayi hannu biyu, a ajiye na'urar a falo inda kowa ke gani, a yanka mata lokaci: bayan an dawo Islamiyya, bayan an gama aikin gida, kuma kiran salla ya tsayar da ita. Uban ma ya bi dokar, domin yaro abin da ya gani yake yi.

Haƙƙin gida

Ba zan zauna ba sai na taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kuɗin sabuwar na'ura ɗaya sun ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Ban ce haramun ne mutum ya ji daɗin guminsa ba. Amma a tuna da halin da gida ke ciki. An rufe iyaka a 2019, tamu ba ta buɗe ba sai 2022, aka sake rufe ta a 2023 har zuwa 2024, kuma kowane rufewa matasanmu masu dako da lodi da ƙananan sana'o'i ne suka fi jin jiki. Ta'addancin 'yan bindiga ya raba ƙauyuka da dama da wasan farin wata. Akwai yaran da suka taso ba su san dandali ba, ba su kuma san gem ba. A can birni kuwa akwai jikokinmu da suka ƙware a kowane irin gem, amma ba su taɓa ganin gurbin dara ba, wasunsu ma Hausar da ƙyar take fita.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Duk wanda Allah Ya hore wa ya sayi irin wannan na'ura, ya ware ko da kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta ya zuba a asusun ƙungiya, a sayi ƙwallaye da kayan wasa a raba wa makarantunmu na firamare. Sannan a shirya gasar dara, langa da ƙwallon gem a ranakun salla, da rana tsaka, a haɗa yaran birni da na gida wuri guda, kowa ya koya wa ɗan uwansa abin da ya iya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma yaron da ya yi abokin wasa a Magama, shi da kansa zai riƙa tambayar yaushe za a koma.

Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.