Keke Ba Ya Ɗinki Da Kansa: Jawabina A Taron Matasanmu Na Shiyyar Funtuwa



Maganata ta yau a kan tallafin matasa ce, kuma da gidanmu zan fara. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

A 2016 aka kawo N-Power, naira dubu 30 duk wata. An amfana, babu musu. Amma da wa'adi ya cika, nawa ne suka koma zaman majalisa? Mu ma 'yan siyasa mun raba kekunan ɗinki da injinan ban ruwa, an ɗauki hoto an watse. Bayan sati biyu sai ka ga kayan a kasuwa, rabin kuɗi. Wallahi ba lalaci ba ne. Yaro ne aka miƙa wa inji, babu maigida, babu mai kawo aiki.

Ɗan yayata ya gama NCE, ya shekara uku a gida. Har ɗaurin aure ya daina zuwa, don gudun a ce masa "ina ake aiki yanzu?" Wani dillalin hatsi a kasuwar Dandume ya jawo shi jiki, ya koya masa awo da gane masarar da ba ta gama bushewa ba. Ranar da ya damƙa masa kuɗi ya ce je ka ƙauye ka sayo, ranar yaron nan ya ɗaga kai. Yarda ce ta tashe shi.

Jama'a, aiki na nan a ƙasarmu: masarar Dandume da Bakori, rake da tumatirin Danja, audugar Funtuwa da Malumfashi, ga tashar tsandauri da aka buɗe a Funtuwa a 2024. Ga kuma hukumar KASEDA da Gwamna Dikko Radda ya kafa don ƙananan sana'o'i.

To roƙona ga shugabanninmu uku ne. Duk wanda za a ba kayan sana'a, a fara haɗa shi da maigida na wata shida. A riƙa leƙa shi bayan an ba shi. Sannan a daina rubuta suna da katin jam'iyya. Ɗan adawa ma ɗanmu ne, kuma zaman banzarsa kanmu zai dawo, musamman a yankin da 'yan bindiga ke neman yara.

Ku kuma matasa, kada takarda ta hana ku ɗaukar buhu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.