Kibiyar sabon maharbi

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Yantala, Yamai

Yau zancen kibiya ne.

Yaro mai koyon harbi yakan sa ido ga baka, ya manta da kibiya. Alhali kibiya ce ke zuwa wurin nama.

Ku fara duba kyauro. Ku ɗora shi bisa tafin hannu, ku mirgina. In ya yi rawa, karkatacce ne, ku aje shi. Mai tsaguwa kuwa yana iya karyewa lokacin saki, ya soke hannun mai harbi.

Kibiyar ƙasarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen baki shi ke miƙe ta. Saboda haka kibiyar zomo da zabo ba ta isa ga gyado ko gwanki ba. Babban nama fatarsa kauri gare ta. Sai maƙeri ya ƙera baki mai faɗi da nauyi, mai kunne, a wasa shi kamar aska, a ɗaure wuyan da jijiya tam. Kibiya dakusassa rauni kawai take yi. Gyadon da ya ji rauni yakan juyo kan maharbi, ko ya je ya ruɓe cikin daji, kowa ya yi asara.

Kafin a rataya kwari, a tuna da dokar farauta ta 1998. Sai da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Gandun W ba wurin harbi ba ne, raƙumin dawa na Kure kuma ba a taɓa shi ko kaɗan.