Haƙori mai girgiza: wanne ne famfara, wanne ne ciwo?

Jawabi zuwa ga ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci na Magarya da Dungas



Yau zancenmu a kan haƙori ne. Kowa ya san haƙori, amma abin da muke gani cikin baki rabinsa ne kawai. Sauran yana ɓoye cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙarƙashin dasashi. Shi ne saiwar haƙori. Ita ke riƙe da shi kamar yadda saiwa ke riƙe da icce.

Wannan saiwa tana iya cinyewa. Kun san aikin gara a ƙafar rumbu: daga waje icce lafiya lau, a ƙasa kuwa an gama da shi. Haka saiwar haƙori take ƙarewa. Waɗansu suna cewa tsutsa ce. Ba tsutsa ba ce. Cikin jikin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu cin ƙashi da saiwa. Wani lokaci aikinsu alheri ne, wani lokaci ɓarna. Abin da muke so yau shi ne kowa ya iya rarrabewa.

FAMFARA

Jariri yana fara haƙori wajen wata 6. Kafin ya cika shekara 3 yana da haƙora 20. Ƙarƙashin kowane ɗaya akwai na girma yana jiran lokacinsa. In ya taso, sai ya riƙa matsa saiwar na bisa, saiwar ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Haƙori ya yi girgiza, ya faɗi. Ku duba haƙorin da yaronku ya zubar, za ku ga kusan babu saiwa. Ba karyewa ta yi ba, jiki ne ya shanye ta.

Wannan ita ce famfara. Tana farawa wajen shekara 6 da haƙoran gaba, ta ƙare wajen shekara 12. Ba ciwo ba ce. Ba ta son magani, ba ta son zare ko awartaki. A bar haƙori ya faɗi da kansa.

Ga abu ɗaya da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa can baya, sama da ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Wannan turmi na girma ne. In ya ruɓe aka cire shi, wani ba ya tsirowa. Babban mutum yana da haƙora 32, kuma babu canji bayansu.

IN HAƘORIN GIRMA YA BUGU

Haƙorin girma bai kamata saiwarsa ta cinye ba. In ta fara, akwai dalili. Mafi yawa bugu ne: faɗuwa daga amalanke ko kabu-kabu, harbin jaki, ƙahon sa, dambe ko kokowa. Wani dalili shi ne ruɓa da ta kai ciki har ta tara mugunya a gindin saiwa. Wani lokaci kuma turmin ƙarshe ne ya fito a karkace, yana matsa maƙwabcinsa.

Wahalar wannan ciwo ita ce sau da yawa babu zafi. Mutum ya bugu bana, ya manta. Baɗi ko bayan shekaru sai haƙorin ya canza launi, ya yi duhu ko ja-ja. Ko wani ɗan ƙurji ya riƙa fitowa a dasashi yana fashewa. Daga baya sai girgiza.

Likitan haƙori yana ɗaukar hoton da ke nuna ƙashi, ya ga inda saiwa ta tsaya. In an zo da wuri, yana iya wanke cikin haƙorin ya cike shi, cin ya tsaya. Amma abin da ya cinye ba ya dawowa. In saiwa ta ƙare, sai cirewa. Ku fara da gidan likita na kusa da ku. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su ba ku takarda zuwa asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram.

In haƙorin girma ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, kada ku yar. Ga abin yi:

1. Ku kama shi ta kai, kada ku taɓa saiwar.
2. In ya yi ƙasa, ku ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta. Kada ku goge, kada ku kankare.
3. Ku mai da shi raminsa, mutum ya ciji tsumma mai tsabta.
4. In ba ku iya ba, ku sa shi cikin madara sabuwar tatsa. Banda nono mai tsami.
5. Ku tafi likita nan take. Awa ta farko ita ce mai daraja.

Dalili shi ne akwai wata ƴar fata mai rai a jikin saiwa. In ta bushe ta mutu, jiki zai cinye saiwar ko an mai da haƙorin. Haƙorin ƙuruciya kuwa ba a mai da shi, don kada a ɓata na ƙasa.

GIRGIZAR DA KE KASHEWA

Iyaye mata, ku saurara da kyau. Yaro ɗan shekara 2, 3 ko 4 bai kai famfara ba. In haƙoransa suna girgiza, dasashi yana jini, baki yana wari, yawu yana zuba, kumci ya kumbura, wannan cizal ne. Likitoci suna ce masa noma, amma ba noman gona ba.

Yana kama yaron da tamowa ta raunana, musamman bayan dusa ko masassarar cizon sauro. Cikin ƴan kwanaki yana huda kumci, ya ci leɓe da ƙashi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin yara 10 da ba a yi ma magani ba, har 9 suna iya mutuwa. A watan Disamba na 2023 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A ƙasarmu ba baƙo ba ne: tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta buɗe gida a Damagaram domin yaran da ya kama.

Amma tun yana dasashi, maganin likita da wankin baki da abinci mai kyau suna tsai da shi. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Kada a ɓata kwana uku wajen turare da shafe-shafe. Ko daga Wacha kuke, ko Bande, ko Malawa, ko Dogo-Dogo, ranar da kuka gani ranar za ku tashi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ku buɗe bakin yaranku ku duba kowane mako, balle in sun tashi daga ciwo. A wanke baki safe da dare, da asuwaki ko buroshi. Ƙaramin yaro a goge masa da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri kaɗan. A rage alewa da sukari. A kai yara allurar rigakafin dusa. A sa ƙuli-ƙuli, wake, zogale ko madara cikin abincinsu. Kada a ɗora ƙwayar magani ko ruwan batir a kan haƙori, suna ƙona dasashi. Maganin ƴan talla yana kwantar da zafi, saiwa kuwa tana ci gaba da cinyewa.

Ku da Allah ya ba karatu, ku karanta ma maƙwabtanku wannan takarda da dare. A makaranta kuma ku amsa waɗannan tambayoyi tare da malaminku: Shekara nawa yaro ke fara famfara? Cikin me ake sa haƙorin da ya fita? Waɗanne alamu ke nuna cizal?

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Wassalamu.