Ilmin Hisabi da Tattalin Dukiya: Lacca ga Masu Niyyar Shiga Jami'a da Iyayensu

 An nemi in yi bayani a kan fannonin ilmin kasuwanci da ake karantarwa a matakin digiri na farko, da irin ayyukan da suke kai mai su, musamman guda uku waɗanda jama'a suka saba cuɗa su wuri ɗaya alhali kowannensu da alƙiblarsa, wato ilmin akanta, da ilmin tattalin arziki, da ilmin banki da sarrafa kuɗi.

Tun da farko ya kamata mu yi iƙirari da cewa ba wanda zai koya wa Bahaushe ciniki. Kakanninmu fatake sun kai Gwanja neman goro, sun ƙulla mu'amala da Larabawan Gadamas da Turabulus, kasuwar Kurmi kuwa tana ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, attajiranmu ne suka juya akalar manoma zuwa gyaɗa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, har ana ruwaito cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Amma duk wanda ya manyanta a cikinmu, idan ya zauna ya tuna manyan gidajen arziki na unguwarsu waɗanda sunansu ya cika gari lokacin ƙuruciyarsa, sa'an nan ya ƙidaya waɗanda kasuwancinsu ya rayu bayan maigida ya kwanta dama, zai tarar da cewa gida irin na Ɗantata, wanda ya ɗore har jikoki da tattaɓa kunne, ɗaiɗaiku ne ƙwarai. Abin da ya rushe mafi yawan sauran, a nawa nazarin, shi ne dukiyar ta zauna a cikin kan mutum ɗaya, ba ta shiga littafi ba.

Da yawa daga cikinku sun halarci rabon gado irin wanda nake nufi. An yi sadakar bakwai, an kira malamin fara'ili, an buɗe shago da sito, sai a rasa wanda zai iya faɗin abin da mamaci ya bari. Babban yaron shago ya ce akwai dila arba'in da aka ba wani a Maraɗi, ba shaida, ba takarda. Wani dattijo ya shigo ya ce ya ba marigayi ajiyar kuɗin hajjinsa, shi ma ba takarda. Waɗanda ake bin su bashi kuwa suka yi shiru abinsu, domin sun san mai bin su ya tafi da lissafinsa kabari. Malami ya san rabon mata da na 'ya'ya sarai, sumuni da sudusi ba su ɓace masa ba, sai dai ba ya iya raba abin da ba a san adadinsa ba. Daga nan sai zargi ya shiga tsakanin 'yan uba, a garzaya gaban alƙali, a sayar da shago don biyan shari'a. Wannan kuwa yana faruwa ne ga al'ummar da aya mafi tsawo a cikin Littafinta, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, take umurni da rubuta bashi da kafa masa shaidu.

To, ilmin akanta shi ne sana'ar wannan rubutu. Asasinsa wata ƙa'ida ce da attajiran Italiya suka yi aiki da ita, wadda wani malamin lissafi mai suna Luka Facoli ya wallafa bayaninta a birnin Benis a 1494, cewa kowace mu'amala a rubuta ta ta fuska biyu, inda ta fito da inda ta shiga, ta yadda idan ɓangarorin biyu ba su daidaita ba za a san akwai kuskure ko ha'inci. Ga misalin amfaninta. A ce ɗan kasuwa a Dawanau ya sari riɗi buhu ɗari a kan naira dubu ɗari kowane buhu, ya biya miliyan shida, ana bin sa huɗu. Ya sayar da buhu saba'in a kan dubu ɗari da goma, aka ba shi miliyan huɗu da dubu ɗari bakwai a hannu, sauran miliyan uku sai an kwana biyu. Yana duba aljihu ya ga kuɗi jingim, sai ya ɗebi miliyan guda ya yi hidimar biki. Akanta kuwa zai nuna masa cewa ribar buhu saba'in ɗin nan dubu ɗari bakwai ce kacal, idan aka cire kuɗin mota da dako da hayar sito, a ce dubu ɗari huɗu, saura dubu ɗari uku; ke nan ya ci uwar kuɗi da dubu ɗari bakwai bai sani ba, ga mai riɗi yana nan tafe da neman miliyan huɗunsa. Mutane da yawa da aka ce an yi musu asiri kasuwa ta karye, wannan ne asirin.

Mai son wannan fanni zai yi shekara huɗu a jami'a yana karanta tsara littattafan kuɗi, da lissafin tsadar samar da kaya, da binciken kuɗi irin na odita, da haraji, da dokokin kamfani, da lissafin kuɗin gwamnati. Arewa tana da tsohon tarihi a nan, domin Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta faro a 1947 a matsayin makarantar horar da akawu, ta horar da ma'aikatan baitulmali na En'e tun kafin a haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma ina roƙonku da ku riƙe wannan da kyau: digiri ba ya mai da mutum cikakken akanta a idon doka da idon masu ɗaukar aiki, sai ya ci jarrabawar ƙungiyar ƙwararru, ko dai ICAN da dokar 1965 ta kafa, wadda jarrabawarta take mataki uku, ko ANAN da ta sami amincewar doka a 1993, mai kwalejinta kusa da Jos. A nan ne 'ya'yanmu suke yawan tsayawa. Yaro ya gama digiri, ya yi hidimar ƙasa, ya rataye takarda a bango, shekara goma bai zauna jarrabawa ɗaya ba, alhali tsararsa a Ikko sun fara rubuta ta tun suna aji biyu. Wanda ya jure ya ƙarasa, ƙofofi a buɗe suke gare shi a kamfanonin binciken kuɗi, da hukumomin haraji, da ofishin Babban Akanta da na Babban Odita na tarayya ko na jiha, kuma yana iya buɗe ofishin kansa.

Ilmin tattalin arziki wani abu ne dabam. Akanta yana tambayar nawa aka samu, nawa aka kashe a wannan gida. Masanin tattalin arziki kuwa yana tambayar me ya sa masara ta yi tsada a ƙasa baki ɗaya, me zai faru ga masaƙa idan aka buɗe iyaka, wa zai ɗauki nauyin haraji a ƙarshe, mai shago ko mai saye. Ba baƙon ilmi ba ne ga Musulmi, domin Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid Kitabul Haraj a kan kuɗin shiga na daula, Ibnu Haldun kuma a cikin Muƙaddimarsa ta 1377 ya yi bayanin yadda tsananta haraji yake kashe himmar masu sana'a har kuɗin shigar sarki ya ragu. Duk wanda ya ga yadda shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, ko ya ɗanɗana abin da ya biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023, ya san cewa shawarar da wasu mutane ƙalilan suke yankewa a ofis tana isa har tukunyar talaka, don haka wajibi ne a ce akwai namu a wurin da ake yanke ta, masu hujja da alƙaluma. Alhaji Aliyu Mai-Bornu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya daga 1963 zuwa 1967, malamin makaranta ne da ya tafi Biristol a Ingila ya karanta wannan fanni. Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya riƙe kujerar daga 2009 zuwa 2014, a Zariya ya karanta shi. Sai dai in faɗa muku gaskiya, fannin nan a yau lissafi ne da ƙididdiga tsantsa, kuma digirin farko a cikinsa shimfiɗa ce. Wanda yake son aiki a Babban Banki, ko Hukumar Ƙididdiga, ko ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, ko koyarwa a jami'a, ya ƙudurta tun yanzu cewa zai ƙara digiri na biyu.

Ilmin banki da sarrafa kuɗi shi ne wanda ya fi jan hankalin matasa, saboda kwat da mota da sanyin ofis. Haƙiƙaninsa nazari ne a kan lokaci da haɗari: nawa nairar baɗi take a yau, wane aiki ya cancanci a zuba masa jari, wane mai neman rance ne zai iya biya. Ku sani cewa aikin banki ba shi da tabbas irin wanda ake zato, domin lokacin da aka ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25 a 2005, bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa da iyayenmu suka sani ya narke cikin Unity Bank, ma'aikata masu yawa suka rasa aiki. Yau kuma wayar hannu da na'urar POS sun karɓe yawancin aikin mai zama a kanta. Amma fagen ya fi banki faɗi nesa ba kusa ba, akwai kasuwar hannun jari, da inshora, da kamfanonin kula da kuɗin fansho da dokar 2004 ta haifar.

Na san akwai iyayen da suke hana 'ya'yansu wannan fanni don tsoron kuɗin ruwa, kuma tsoronsu yana da asali a shari'a, ba abin rainawa ba ne. Amsar da zan ba su ita ce, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na naira biliyan ɗari a 2017 don gina hanyoyi, an sami fage na murabaha da ijara da musharaka da takaful wanda yake kukan rashin ma'aikata masu ido biyu, waɗanda suka san babin ciniki da ƙiradi a Risala da Muhtasar, suka kuma san lissafin zamani. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman a kan wannan. Ɗalibin da ya taso a makarantar zaure ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema, kuma da muna da irinsa da yawa suna wayar da kan jama'a, da dubban mutane ba su zuba guminsu a damfarar MMM ba har ta rufe da kuɗinsu a ƙarshen 2016.

Sauran fannoni, kamar gudanar da kasuwanci, da dabarun talla, da kula da ma'aikata, suna da amfani musamman ga wanda gidansu akwai sana'ar da zai gada. Sai dai wanda ya zaɓe su don gudun lissafi ya sani cewa can ma zai tarar da shi. Dukkan waɗannan kwasa-kwasai suna neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, galibi kuma JAMB tana neman lissafi da tattalin arziki, wanda bai sami jami'a ba kuma yana iya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha ya yi difloma, jarrabawar ƙwararru ba ta rufe masa ƙofa ba. 'Ya'ya mata ma kada a bar su a baya. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023, akanta ta karanta a Zariya, kuma mata masu adashi da sana'ar cikin gida sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu wajen bayyana abin hannunsu.

Akwai kuma sharaɗin da ba a rubuta shi a takardar shiga jami'a, shi ne amana. Ranar da za a ajiye muku takardar biyan kwangilar da ba a yi ba, mai gidanku yana tsaye a kanku, ga alƙalami, ga iyali suna jiran albashi, ranar ce jarrabawarku ta gaskiya, domin da wuya a sace dukiyar jama'a mai yawa ba tare da sa hannun wani mai ilmin hisabi ba. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya cewa a'a ba, ya nemi wani fanni tun da wuri, ya fi masa alheri duniya da lahira.

Roƙona ga alhazanmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau shi ne, kowane gida ya ware ɗa ko 'ya guda ya karanta akanta, ya biya masa kuɗin jarrabawar ƙwararru har ya ƙare, sa'an nan ya buɗe masa littattafan shago ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya kuma biya shi albashi kamar yadda zai biya bare. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira ranar kammala digiri. Hutun nan mai zuwa kowannenku ya sami shagon mahaifinsa ko na kawunsa, ya nemi izini cikin ladabi, ya ƙirga kaya, ya rubuta masu bin bashi da waɗanda ake bi da sunayensu da kwanan wata. Allah Ya yi muku jagora.