Amfanin Haɗa Irin Shanun Nama Ga Masu Garka
(Jawabin da Kwamitin Noma da Kiwo ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

   

An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani al'amari da ya fara jan hankalin 'ya'yan wannan gari, musamman waɗanda suka ajiye aikin gwamnati suka zuba kuɗin sallamarsu a kiwo, wato haɗa irin shanu domin samun nama. Abin da ake nufi shi ne a sa bajimi na wani iri ya barbari saniya ta wani irin daban, a sami maraƙi ɗan ruwa biyu. Dabara ce mai riba ga wanda ya bi ta da tsari, tana kuma iya cinye jarin wanda ya shige ta da ka.

Mu fara da abin da Allah Ya hore mana. Muna da Bunaji farare, da Bokoloji na ƙasar Sakkwato masu jiki da sanyin hali, da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da Gudalin Adamawa, da Wadara na yankin Barno, da Azawak na Nijar. Waɗannan shanu sun saba da zafin bazara, da kaska, da doguwar tafiya, da yunwar rani. Rauninsu shi ne jinkirin girma. A kiwon gargajiya karsana takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari, sannan ta riƙa haihuwa kusan bayan kowace shekara biyu. Shanun Turai kuwa, irin su Angus na Sikotilan da Sharole na Faransa da Simental na Suwizalan, suna da saurin girma da cikar nama, amma ba su jure wa zafinmu da cututtukanmu. Amfani na farko na haɗa iri ke nan: a ɗauko juriya daga uwa, a ɗauko girma daga uba, a tara su a jiki guda.

Amfani na biyu ya fi wannan ban mamaki, shi ne abin da za mu kira ƙarfin ruwa biyu. Hankali zai ba mutum cewa ɗa zai tsaya tsakiyar iyayensa. A misali, idan maraƙin irin uba yakan kai kilo 160 lokacin yaye, na irin uwa kuma kilo 120, sai a zaci ɗansu zai tsaya a 140. Amma abin da aka sha gani shi ne yana zarce wannan tsakiya. Dalili kuwa, kowane iri yana ɗauke da wasu raunuka na gado da suke ɓoye a jininsa, idan jini biyu masu nisa da juna suka haɗu sai ƙarfin ɗaya ya rufe raunin ɗayan. Wannan ƙari ya fi bayyana a abubuwan da zaɓen bajimi kaɗai ba ya saurin gyara su, kamar ɗaukar ciki da rayuwar maruƙa da tsawon kwanan saniya. A wani dogon bincike da aka yi a jihar Nebaraska ta Amurka a kan shanun Hereford da Angus da Shorthorn, an tarar nauyin maruƙan da ake yayewa a kan kowace saniya ya ƙaru da kimanin kashi 23 cikin 100, kuma fiye da rabin wannan ƙari ya zo ne daga uwa 'yar ruwa biyu. Saboda haka mai garka da ya sayar da dukkan karsanunsa 'yan ruwa biyu ga mahauta ya sayar da mafi tsokar ribarsa.

Wasu ƙasashe masu zafi irin namu sun daɗe da cin moriyar wannan ilimi. A jihar Teksas, garkar King ta haɗa Brahman mai tozo da Shorthorn ta fitar da irin Santa Gertrudis, wanda hukumar Amurka ta amince da shi a 1940. A Afirka ta Kudu, Farfesa Jan Bonsma ya fara aiki a tashar bincike ta Mara a 1937, ya fitar da Bonsmara, wanda kashi biyar cikin takwas na jininsa na shanun ƙasar ne da ake kira Afrikana. A lura da wannan lissafi da kyau, jinin gida shi ne ya fi rinjaye. Ko a nan Nijeriya, shanun Keteku na ƙasar Yarbawa sun samo asali ne daga haɗuwar Bunaji da Muturu, gajerun shanun kudu masu jure wa sammore.

To sai dai wajibi ne mu faɗi inda haɗarin yake. A tashar Wakwa kusa da Ngaundare a ƙasar Kamaru, tun cikin shekarun 1950 aka haɗa Brahman na Amurka da Gudalin Adamawa. 'Ya'yan sun yi girma abin sha'awa, amma ciwon kirci ya addabe su fiye da yadda yake yi wa Gudali tsantsa. Ashe ko sa mai tozo, idan baƙo ne, sai an gwada shi kafin a saki jiki da shi. Haka nan ƙarfin ruwa biyu ba ya dawwama da kansa. Ya fi cika a haihuwar farko. Idan aka bar 'yan ruwa biyu suna barbarar junansu, rabinsa zai zube a zuriya ta gaba. Maganin wannan shi ne karɓa-karɓar bajimai. Wanda yake sauya bajiman iri biyu daga zuriya zuwa zuriya zai riƙe kimanin kashi 67 cikin 100 na wannan ƙarfi, mai iri uku kuma kimanin kashi 86. Sannan kada a haɗa ƙaramar karsana da ƙaton bajimi irin Sharole, domin ɗan zai iya yi mata girma a wajen haihuwa, a rasa uwa da ɗa.

Babban sharaɗi kuma shi ne abinci. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maraƙin da aka halitta da saurin girma ya fi na gida ci, kuma idan ya shiga rani babu tanadi zai riga su ramewa. Duk wanda bai ajiye harawa da karan dawa da dusa da angurya da kanwa ba, bai da tabbacin ruwan sha, bai kuma shirya yin rigakafin ciwon huhu da wankan kaska ba, to ya dakata da sayen baƙon bajimi tukuna. Irin wannan mai garka zai fi samun alheri idan ya fara da haɗa shanun gida da juna, kamar Bokolo da Bunaji, ko da yake ƙarin ba zai kai na jini mai nisa ba.

Bisa ga wannan, kwamitinmu yana ba ƙungiya shawara kamar haka. A nemi jagorancin Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, kafin a sayi kowane iri, tare da duba yiwuwar ɗura wa shanu maniyyi ta hannun ma'aikatan dabbobi, wanda ya fi riƙon baƙon sa sauƙi. Masu ƙananan garake su haɗa kuɗi su mallaki bajimi guda, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A dandaƙe sauran maza da ba a zaɓa ba a tura su turke. Kowane mai garka ya buɗe littafi yana rubuta uwa da uba da ranar haihuwa da nauyin yaye, matasanmu masu ilimi su taimaka wa iyayenmu makiyaya da wannan rubutu. Daga ƙarshe, kada jinin waje ya wuce rabi a garke, kuma a keɓe wasu daga cikin mafi kyawun shanunmu a bar su tsantsa, domin daga gare su ne za a ci gaba da samun uwayen da ake haɗawa.

Muna roƙon Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya zaunar da manoma da makiyayanmu lafiya, Ya ja zamanin mai girma Hakimi, Ya maida kowa gidansa lafiya.