Jawabi Ga Masu Shirin Jarrabawar Ƙarin Girma

Tambayoyin al'amuran yau da kullum sun shafi abincinmu da ajinmu, don haka kada mu tsaya ga hadda. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma daga wannan kaso ne albashin malaman firamare yake fitowa. A Mayun shekarar aka dawo da tsohon taken ƙasa, mu ne kuwa masu koya wa yara shi. Jarrabawar TRCN ma a kwamfuta ake yin ta. Mu lizimci sauraren labarai, wanda ya iya kwamfuta ya koya wa ɗan uwansa tun da wuri. Allah Ya ba mu sa'a.